Tsofaffin kwamfutocin ofis bayan Windows 10: abin da manhaja mara nauyi za ta iya yi musu

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba: tana kunnuwa, tana buɗe takardu, tana hawa intanet kamar yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke turowa wata-wata don toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. An buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi, amma ga ɗaiɗaikun mutane shekara guda ne kawai, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, kamfanoni kuwa sai sun biya kuɗin da ke ninkawa kowace shekara.

Hanyar da Microsoft ya nuna wa masu amfani da Windows 10 ita ce komawa Windows 11, sai dai wannan tana da sharuɗɗa. Tana neman RAM gigabayit 4, da wurin ajiya gigabayit 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM samfurin 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutoci shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar: in ta Intel ce, sai ta kasance zubi na takwas ko wanda ya biyo baya, ban da wasu ƴan tsiraru. Zubi na takwas ya fara fitowa a ƙarshen 2017. Ke nan kusan duk kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera kafin nan ta faɗo waje, ko da lafiyarta ƙalau.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin akasarin kwamfutocin da ɗalibai da malamai da ƙananan ƴan kasuwa ke saya na hannu ne, waɗanda ake kira tokunbo. Su ne suka cika rumfunan Computer Village a Ikeja, da Banex Plaza a Abuja, da titin Beirut a Kano. Yawancinsu kuma daga gida uku suka fito: ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell, da EliteBook ko ProBook ta HP.

Mai kwamfuta na iya gane matsayin tasa daga lambar furosesa. In an rubuta i5-3320M, lambar farko bayan ɗan layin, wato 3, ita ce zubin. i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Da wannan ma'auni ThinkPad T420 ta 2011, da T430 da X230 na 2012, har T470 ta 2017, duk ba su cancanci Windows 11 ba, T480 ta 2018 kuwa ta cancanta. Haka EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 sun faɗi, 840 G5 da Latitude 7490 sun tsallake. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin na zubi na shida da na bakwai suna da guntun tsaron da ake nema, shekarun furosesa kaɗai suka hana su.

Me ya bambanta kwamfutar ofis

Manyan kamfanoni a Turai da Amurka sukan sayi kwamfutoci dubbai iri ɗaya, ko su karɓe su haya, su sauya su bayan shekara uku zuwa biyar. Waɗannan su ne dillalai ke tattarawa su yo jigilarsu. An ƙera su ne don a yi ta ɗauka ana ajiyewa kullum, shi ya sa jikinsu ya fi na kwamfutocin gida ƙwari, maɓallansu sun fi jure bugu, kuma da sukurdireba ɗaya ake kai wa ga RAM da faifan ajiya da batir a yawancinsu. Lenovo da Dell da HP suna wallafa littafin gyaran kowane samfuri kyauta a shafukansu. Da yake an ƙera su da yawa, kayan gyaransu ba sa wuya a kasuwa.

Akwai wata fa'ida da ba a gani da ido. Kayan cikin waɗannan kwamfutoci galibi na Intel ne, daga abin da ke sarrafa hoto har katin waya-fai, kuma Linux ta daɗe da sanin su. Dell da Lenovo ma sun sha sayar da wasu samfuran da Ubuntu a kansu tun daga masana'anta. Saboda haka tsohuwar ThinkPad takan karɓi Linux ba gardama, fiye da wata sabuwar kwamfuta mai arha.

Abin da ake nufi da manhaja mara nauyi

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji a kanta suke hawa. Windows ɗaya ce daga cikinsu. Linux wata ce, kuma Linus Torvalds ne ya fara rubuta ginshiƙinta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kyauta ce, kuma lasisinta ya yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da ginshiƙin Linux ko bai sani ba. Ba kayan wasan masana ba ce kawai: rundunar jandarmomin Faransa ta shafe shekaru tana aiki da nata samfurin Ubuntu, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Da yake kowa na iya harhaɗa tasa, Linux ta kasu iri-iri, kuma ba dukansu ne marasa nauyi ba. Nauyin yakan zo ne daga fuskar da mai aiki ke gani, wato tagogi da jerin manhajoji da ƙawar da aka yi musu. Fuskar GNOME da ke kan Ubuntu ta asali tana da ɗan nauyi. Xfce da LXQt da MATE an gina su ne don su ci kaɗan. A kan kwamfuta mai RAM gigabayit 4, fuskar Xfce ko LXQt takan tsaya ƙasa da gigabayit ɗaya bayan an kunna, yayin da Windows 10 da manhajar rigakafinta da ayyukanta na bayan fage kan kusan cinye rabi kafin a buɗe komai.

Ga wanda ya taso da Windows, Linux Mint mai fuskar Xfce ita ce mafi sauƙin sabo. Maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu inda hannu ya saba zuwa, tana zuwa da burauzar Firefox da LibreOffice, kuma masu ita sun ce RAM gigabayit 2 da wurin ajiya gigabayit 20 sun isa, ko da yake sun fi son 4. Jerin Mint 22, wanda aka gina kan Ubuntu 24.04, zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Lubuntu da Xubuntu ƴan gidan Ubuntu ne, ta farko da LXQt, ta biyu da Xfce, sai dai wa'adin kulawarsu shekara uku ne. MX Linux da antiX a kan Debian aka gina su. antiX ita ce ta kwamfutocin da suka tsufa tukuf, tana tashi ko da RAM bai kai gigabayit ɗaya ba, amma fuskarta ba ta da fara'a ga baƙo, kuma ba ita ya kamata a ɗora wa sakataren ofis ranar Litinin da safe ba.

ChromeOS Flex daban take. Google ne ya fitar da ita a 2022, bayan ya sayi kamfanin Neverware da ke yin irinta. Tana neman furosesa mai bit 64, da RAM gigabayit 4, da wurin ajiya gigabayit 16. Tana tashi da sauri, tana sabunta kanta, kuma da wuya mai amfani ya ɓata ta. Sai dai kusan komai nata a cikin burauza yake, ba ta ɗaukar manhajojin Android, kuma Google na da jerin samfuran da ya tabbatar, kowanne da shekarar da zai daina lamuncewa. A makarantar da ke da intanet tsayayye tana da amfani. Inda ake sayen data da awo, kuma sabis ke ɗaukewa, Linux mai aiki ba tare da intanet ba ta fi dacewa.

Inda sauƙin ya tsaya

Nan ne masu tallata Linux kan wuce gona da iri. Babbar manhaja na iya zama mara nauyi, amma shafukan intanet na yau ba su san da wannan ba. Shafin Facebook ko Gmail ko WhatsApp na kwamfuta zai ci RAM kusan daidai ko a kan Windows aka buɗe shi ko a kan Lubuntu, domin burauza ce ke ɗauke da shi. Abin da manhaja mara nauyi ke yi shi ne ta matsa gefe ta bar wa burauza fili. A kan gigabayit 2, shafuka uku ko huɗu sun isa su sa kwamfuta ta fara jan ƙafa. A kan 4 ana aiki cikin natsuwa in ba a tara shafuka ba. A kan 8 mutum kan manta cewa na'urar ta haura shekara goma.

Bidiyo ma haka. Tsofaffin furosesoshi na zubi na biyu zuwa na huɗu sun iya warware bidiyo nau'in H.264 da kansu, amma ba su san sababbin nau'o'in da YouTube ya fi turowa ba, sai aikin ya koma kan ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, fanka ta yi ta kuka, batir ya zube. Rage ingancin hoton zuwa 480 ko 720 yakan magance wannan, ya kuma rage cin data.

Saboda haka, kafin a zargi Windows, a duba faifan ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yakan karanta kimanin megabayit 100 a daƙiƙa, faifan SSD na SATA kuwa kusan 500, kuma tazarar ta fi haka nesa wajen buɗe ƙananan fayiloli masu yawa, wanda shi ne aikin kwamfuta na kullum. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka jijjigar babur ko Keke Napep ba ta lalata shi. Duk wanda kuɗinsa ya isa gyara ɗaya tak, wannan ne. Na biyu shi ne ƙarin RAM, tare da lura da nau'i: DDR3 da DDR3L da DDR4 ba ɗaya ba ne. Kwamfutocin zubi na huɗu, irin su T440 da EliteBook 840 G1, DDR3L suke so, kuma DDR4 ba ya ma shiga ramin DDR3.

Na uku ba ya cin kuɗi sosai. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da ramukan iska, man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta kuma yakan bushe da shekaru. Furosesar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kwamfutoci da yawa da ake cewa sun gaji, shara da sabon mai kawai suke jira, kuma babu manhajar da za ta yi musu wannan.

Abin da za a rasa

Tambayar da ta fi muhimmanci ba ta ƙarfin kwamfuta ba ce, ta aikin da ake yi da ita ce. Microsoft Office ba ta da samfurin da ake girkawa a Linux, sai dai na cikin burauza. LibreOffice da OnlyOffice suna buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, suna kuma ajiye su a wannan siga. Ga wasiƙa da jarrabawa da lissafin shago da kundin kammala karatu sun wadatar. Amma takarda mai tebura masu sarƙaƙiya, ko wadda aka tsara da haruffan da babu su a Linux, tana iya sauya fasali, shafi ya zame, lamba ta koma wani wuri. Wanda zai miƙa takarda ga hukuma ko ga malami ya mayar da ita PDF kafin ya tura.

Ga masu shagunan buga takardu da zane, maganar ta fi tsauri. CorelDRAW, wadda da ita ake yin katin biki da kalanda da allon talla a kusan kowane gari, ba ta da samfurin Linux. Haka Photoshop da AutoCAD. Akwai Inkscape da GIMP, kuma suna da ƙarfi, amma mai zanen da abokan cinikinsa da maɗaba'arsa duk fayilolin Corel suke musaya ba zai sauya shi kaɗai ba. Manhajojin lissafin kuɗi irin su Sage 50 da QuickBooks na kan tebur su ma ba sa hawa. Wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsu da ake rajista da su, manhajarsu ta Windows ce kaɗai. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke tafiyar da wasu kayan Windows a kan Linux, amma ba abin da za a jingina abincin iyali a kansa ba ne.

Firinta kuwa sai an gwada. Na HP galibi suna aiki da zarar an jona, domin kamfanin na fitar da manhajarsu ta Linux. Wasu tsofaffin samfuran na sauran kamfanoni sukan ba da wahala.

Ga mai irin waɗannan ayyuka akwai tsaka-tsaki: a raba faifai biyu, Windows ta zauna a gefe don zane ko lissafi ba tare da an haɗa ta da intanet ba, Linux ta ɗauki hawa intanet da imel da harkar banki. Sai dai a tuna cewa ƙwayar cutar kwamfuta ba ta intanet kaɗai take shigowa ba. Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya san wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi. Irin wannan ba ta kama Linux, har ma da Linux ake iya buɗe filashin a kwaso fayilolin da ta ɓoye. Amma Linux ba ta kare kowa daga saƙon damfara da ke neman lambar BVN ko lambar sirrin kati.

Masu rubutu da Hausa ba su da abin fargaba. Cikin jerin tsarin maɓallan da Linux ke zuwa da su akwai na Hausar Najeriya, har da na Hausar Gana, kuma haruffan DejaVu da Noto suna nuna ɓ da ɗ da ƙ da ƴ yadda ya kamata.

Windows 11 ta ƙarfi da yaji

A kasuwa ana samun kwamfutocin zubi na huɗu ko na shida ɗauke da Windows 11. Ba mu'ujiza ba ce: akwai hanyoyin tsallake binciken sharuɗɗan lokacin girkawa. Tana aiki, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai lamunce wa irin wannan na'ura samun sabuntawa ba, kuma babban sabuntawar shekara-shekara yakan ƙi sauka da kansa. Samfurin 24H2 ma ya ƙi tashi sam a kan furosesoshin zamanin Core 2 Duo. Ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce cewa kwamfuta sabuwa ce. Lambar furosesa ita ce shaida. Haka nan Windows da aka buɗe da manhajar satar lasisi tana iya zuwa da abin da ya fi rashin sabuntawa haɗari, tun da ba a san wanda ya harhaɗa ta ba.

Zama kan manhajar da ba a toshe kafofinta ba yana da tarihi. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila, alhali Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris. Waɗanda ba su girka shi ba ne suka faɗa.

Yadda ake gwadawa da girkawa

Babbar fa'idar Linux ga mai shakka ita ce ana iya gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ana sauke fayil ɗinta daga shafin masu ita, wanda ga Mint yakan kai kusan gigabayit 3, a rubuta shi kan filashi mai gigabayit 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Filashi ɗaya ya isa a girka wa kwamfutoci ko nawa ne, don haka makaranta ko ofis sau ɗaya za su sayi datar. Lokacin kunna kwamfuta ana danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, a zaɓi filashin. Manhajar za ta tashi daga kansa, a hankali fiye da yadda za ta yi bayan girkawa.

A wannan zama na gwaji ake duba waya-fai, da sauti, da kyamara, da maɓallan haske, da firinta, a kuma buɗe ainihin takardun da ake aiki da su. In waya-fai bai bayyana ba, sau da yawa katin na Broadcom ne, kuma ana saukar masa da manhajarsa ta hanyar jona waya da kebul. In mai girkawa bai ga faifan ajiya ba, musamman a wasu Latitude, a shiga saitin BIOS a mayar da shi daga RAID zuwa AHCI, amma wanda zai bar Windows a gefe ya nemi masani tukuna, domin wannan sauyi na iya hana ta tashi. Samfuran da ke da ƙarin katin hoto na NVIDIA su ma sukan buƙaci haƙuri.

Kafin a danna maɓallin girkawa, a kwashe duk takardu da hotuna zuwa wani faifai dabam, a kuma buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Zaɓin goge faifai gaba ɗaya ba ya tambaya sau uku. A jona caja, kuma kada a fara in batir ya mutu kuma wuta ba ta da tabbas.

Saitin BIOS ɗin nan shi ne abin da mai sayen tokunbo ya kamata ya fara dubawa tun yana gaban mai shago. Wasu kwamfutocin suna zuwa da lambar sirrin da sashen fasaha na tsohon kamfaninsu ya sa, ba a cire ba. A kan ThinkPad cire wannan lamba aiki ne babba, wani lokaci sai an taɓa allon na'urar. Kwamfutar da aka kulle ta haka tana iya ƙin tashi daga filashi, ke nan ba Linux ba, ko sabuwar Windows ba za a iya ɗora mata cikin sauƙi ba.

Waɗanda suka wuce ceto

Kwamfutoci masu furosesa bit 32, galibi na kafin 2007 da wasu ƙananan netbuk, hanyarsu ta ƙuntata. Google ya daina fitar musu da Chrome na Linux tun 2016, Ubuntu da Mint sun bar su, Debian ma a samfurinta na 13 da ya fito a Agustan 2025 ta daina fitar da mai girkawa dominsu. antiX na cikin ƴan kaɗan da suka rage. Irin wannan na'ura za ta iya koya wa yaro bugun rubutu ko ta riƙe littattafan karatu, amma ba ta harkar kuɗi a intanet ba ce.

Yawan na'urorin da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda ƙarshen Windows 10, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida. A Najeriya hukumar NESREA ce ke da alhakin dokokin wannan shara. Kwamfutar da za a rabu da ita, a sayar ko a bai wa ƴan gwangwan, a fara cire faifan ajiyarta ko a goge shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane sashe nasa, domin fayil ɗin da aka share da hannu, ko aka yi wa faifan fomat na gaggawa, ana iya dawo da shi. Batirin kuma a ware shi dabam, kada a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta, domin batirin lithium yana fashewa.